Daren da Kiɗa Ya Tsaya a Xintang

Ni ba rawa ce ta kai ni Guangzhou ba, wandon jins na je saye. Muna da shago a kasuwar Ƙofar Wambai ni da yayana Kabiru, shi ne kuma ya yanke cewa tunda ni ne mai ɗan Turancin gidan, in je in gano inda ake ɗinka kayan mu huta da saye a hannu na uku. Shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ce. A lokacin ko sunan wasan bai dame ni ba, ban san shi zai hana ni barci ba.

Xiaobei na fara sauka, unguwar da mutanenmu ke hada-hadar kasuwanci. Ka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka ji wani yana yi wa wani tsiya da Hausar Kano tsantsa, sai hankalinka ya kwanta. Ban daɗe ba na koyi Sinancin da kowa ke cin abinci da shi: laban, wato maigida, da meyo, wato babu. Na biyun shi na fi ji. Na je Xintang, garin da ake ɗinka jins, na zaɓi yadi na ba da samfur, aka ce in dawo. Na dawo aka ce in sake dawowa. Kafin a gama ɗinkin nan bizata ta kusa ƙarewa.

Tsofaffin hannu sun ce a da abin ba wuya, ka tsallaka Hong Kong ko Macau ka dawo da sabuwa. A shekarar an rufe wannan ƙofa saboda wasan, kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Ni kuwa kayana na kan keken ɗinki, in na tafi wa zai karɓa? Sai aka haɗa ni da wani ɗan gida, Bahaushe, mai ofis a Tianhe can saman wani dogon bene mai gilashi, wai shi zai sabunta mini bizar. Ga kwat, ga carbi, ga shayi mai na'a-na'a. Ya tambayi unguwarmu, ya ce ai ya san limaminmu. Na miƙa masa fasfona da hannu biyu, har da godiya. Ranar da ya ce in dawo na tarar da ƙofar a buɗe, babu tebur babu kujera, sai wata dattijuwa tana goge ƙasa. Na ambaci sunansa. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Meyo."

Wanda bai taɓa zama a ƙasar wani ba takarda ba, ba zai gane wannan tsoro ba. 'Yan sanda na tare bakin titi, suna bin gidaje suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda bizarsa ta ƙare akan ci shi tara a tsare shi. Wanda ba shi da fasfon ma gaba ɗaya, cewa ake yi zai daɗe a ciki ba wanda ya san inda yake. Mai ɗakin da nake haya ta ba ni haƙuri ta fito mini da jakata. Masu ɗinki suka ce ba za su saki kaya ba sai sun ga fasfon wanda ya yi oda. Na kira Yaya na faɗa masa komai. Ya ce in lallaɓa, ana gama wasan za a sassauta, haka kowa ke faɗa. Bayan nan aka fara raɗe-raɗin ana bin layukan waya. Gaskiya ne ko ƙarya ban tsaya bincike ba, na ɓalle layina na jefa a kwata. Burina a duniya ya koma guda ɗaya, kada a kama ni kafin a gama Olamfik.

Na koma kwana a siton wani mai aika kaya, a kan kwalaye, in fita kafin ya buɗe. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi. Ina kwance ina zufa ina tuna yadda Hajiyarmu ke ƙwala mini kira daga tsakar gida in zo in ɗauki tuwona kafin ya huce, ni kuma in yi kamar ban ji ba. A siton nan na sha kuka, ba na jin kunyar faɗa.

A nan Illa ya same ni. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni nesa, gajere mai faɗin kafaɗa, ya daɗe a garin kuma takardunsa ba su mutu ba. Ya zo ɗaukar wasu kwalaye ya gan ni a rakuɓe.

"Kai ɗan Kano, mi ka samu?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Bon. Kuka ba shi maido papiye, takardun naka. Kana iya ɗaukar kaya mai nauyi?"

Na ce ko jaki ne zan ɗauka.

Uwar ɗakinsa wata 'yar China ce mai suna A Mei, amma Laban muke ce mata. Ƙaramar mace ce, ta aske gefe ɗaya na kanta ƙwal, sigari ba ya barin bakinta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini wata baƙar lasifika da ta kusa kai ni tsawo. Na rungume ta na ɗora a mota. Shi ke nan na samu aiki. Ba ta tambayi fasfo ba, ba ta ma tambayi sunana ba sai daga baya. Da ta lura ba ma taɓa abincin da sauran ma'aikata ke ci, sai ta riƙa aikawa shagon Musulmin China a sayo mana taliya da naman shanu, ba tare da mun roƙa ba.

A mota ranar farko na tambayi Illa, "Wai bikin wa za a yi? Wa ke aure?"

Ya yi dariya har da tari. "Babu aure, babu suna. Ref suke ce mishi. Kiɗi ne kawai har safe."

"To wa za a yi wa kiɗan?"

"Kowa. Ba kowa ba. Kai dai ɗauki kaya."

Ba su da wuri guda. Yau tsohuwar masana'anta, wani makon siton da aka daina amfani da shi a bayan gari. Ba a liƙa talla, ba a faɗin wurin sai yammacin ranar, ta saƙon waya, daga wannan zuwa wancan, domin hukuma ba ta ba da izini ba, ballantana a irin wannan shekara. Mu ne ke fara zuwa. Mu share, mu jera lasifikoki, mu ja wayoyi daga janareta, mu toshe tagogin ƙasa da bargo.

Illa ya miƙo mini auduga. "Cusa a kunne, in kana son ka ji kiran salla da tsufanka." Sannan ya riƙe hannuna. "Ka sha ruwa da yawa, amma kwalbar da ka buɗe da kanka. Wanda ya miƙo maka buɗaɗɗiya, ka yi mishi murmushi ka wuce. In an ba ka ƙwaya, ko da kyauta ce, ko da wanda ya ba ka yana kiran ka ɗan'uwa, ka ce meyo. In ka ga wani ya faɗi, kada ka tsaya tambaya, ka fid da shi waje ya sha iska."

Na ce na ji.

"Ba ka jiya ba tukuna. Babban shi ne wanga: kiɗin nan ba shi tsayawa. Daga fari har safiya. In ka ji ya tsaya cak, 'yan sanda ne sun kashe shi. Su 'yan ƙasa za a yi musu faɗa a sallame su. Kai kuwa ka san kanka. Kada ka neme ni, kada ka ɗauki jakarka. Ka gudu."

Da aka kunna abin nan na zaci ginin zai rushe. Ba a kunne ake jin sa ba, a ƙirji ake ji, kamar ana daka a turmi kai kana cikin turmin. Na yi ta jira mawaƙi ya fito. Babu mawaƙi. Babu amshi, babu kirari, ba a ambaci sunan uban kowa ba. Wani siririn saurayi ne kawai a kan dandamali da na'urori a gabansa, shi ne dije, yana murɗa wannan yana tura wancan, ya haɗa ƙarshen wani kiɗa da farkon wani yadda ba za ka taɓa gane inda ɗinkin yake ba. Jama'ar kuma ba da'ira suke yi ba a fito ɗaya bayan ɗaya a nuna gwaninta. Kowa ya fuskanci dije, kowa da rawarsa, wasu ido a rufe. Ɗaliban jami'a, 'yan ofis da suka tuɓe kwat, Turawa, Larabawa, da 'yan Afirka jefi-jefi waɗanda na san da yawansu matsalarmu ɗaya. Na ce a raina, lallai an tara mahaukata an ba su wutar lantarki.

Can sai dukan kiɗan nan ya ɗauke. Ban san lokacin da na yar da kwalbar hannuna na nufi ƙofa ba. Illa ya cafko rigata ta baya, ya sa bakinsa a kunnena.

"Ina za ka, ɗan Kano? Saurara da kyau. Ba ka jin wani siririn sauti a ƙasa?"

Na kasa kunne. Akwai shi kuwa, yana hawa a hankali, mutane sun ɗaga hannuwa suna jira.

"Ja musu rai yake. Muddin wanga siririn shina nan, lafiya lau."

Bai rufe baki ba dije ya sako dukan gaba ɗaya, ɗakin ya yi tsalle kamar mutum guda. Illa ya yi mini dariya har gari ya waye, ya ce bai taɓa ganin Bakano da gudu irin nawa ba.

Abin da ban zata ba shi ne zan saba, har in riƙa ɗokin ranar. A garin nan kaf, nan ne kaɗai wurin da ba a kallona. A titi fatata ke fara yi mini magana kafin in buɗe baki. A cikin duhun nan da hayaƙi ba wanda ya damu da wane ne kai. In wani ya taka ka zai dafa kafaɗarka ya ba ka haƙuri da hannu. Wata rana wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi a gabana, na sungume ta na kai waje, ƙawarta na yi mata fifita har ta farfaɗo. Ƙawar ta cire wani abin hannu na roba mai launi ta zura mini, ta ce "shiye-shiye", wato godiya. Rabon da wani ya gode mini har na manta. Ban taɓa yin rawar ba, kunya ba ta bar ni ba, amma nakan tsaya bayan lasifika in yi ihu iya ƙarfina ba wanda ya ji. In asuba ta yi mu yi salla ni da Illa a bayan janareta, ƙasa na rawa a ƙarƙashin goshinmu.

Duk da haka ban taɓa sakin jiki ba. Na ƙirƙiro wa kaina wata dabara. Duk wurin da muka je, kafin in taɓa lasifika, sai na nemi tagar da zan fita in ta ɓaci, wadda ba ta kallon titi. In a sama take, in tara wani abu mai laushi a ƙarƙashinta. Illa na yi mini tsiya wai na fi ɓarawo sanin taga.

Da aka buɗe wasannin sai abin ya ƙara tsanani. Laban ta ce sau ɗaya za mu ƙara yi, mu kwanta sai an gama. Na ji daɗi, domin kwanakin da suka rage ba su da yawa, na kusa kaiwa. Wurin da ta samo a Xintang yake, garin da wandunana ke kulle a siton wani. Tsohuwar masana'antar wankin jins ce, ruwan kwatarta har lokacin shuɗi ne. Ƙasan cike yake da matattun injuna, don haka a bene za a yi. Na samu tagata ta baya, mai kallon wani fili. Na yi sa'a akwai buhunan yankakken ƙyallen jins jibge a gefe, na jawo su ɗaya bayan ɗaya na jera a ƙarƙashinta. Na hau na leƙo, na ga ko yaro ne ya faɗo ba abin da zai same shi.

Ranar Illa ba ya tare da mu, Laban ta aike shi Xiaobei tun da rana. Abin da ya faru can daga baya na ji. Ya shiga wani gidan abinci sai ya tarar da wani dogon mutum cikin shadda da hula yana bin tebur-tebur da hoto a hannu. Yaya Kabiru ne. Shirun da na yi ya hana Hajiya ci da barci, shi kuma ya yi ta faɗi-tashi har ya samu biza ta 'yan kwanaki ya biyo sawuna. Illa na ganin hoton ya ce, "Alhaji, zauna ka ci abinci. Yau za ka ga ƙanenka." Ba ni da waya balle a sanar da ni. Hanya ta yi musu tsawo saboda shingaye, ba su iso ba sai da kiɗa ya yi nisa, wuri ya cika maƙil.

A bakin matakala Illa ya ce masa ya tsaya nan kada ya motsa, shi zai shiga ya nemo ni. Duk karatun da ya yi mini ranar farko, ko kalma ɗaya bai tuna ya yi wa Yaya ba.

Sai ka san Yaya za ka gane abin da ya biyo baya. Mutum ne da ba a biki a unguwarmu ba shi a gaba. In yaro ya ɓata a taro, in an sauya wa wani takalmi, shi ke zuwa wurin makaɗa ya ɗan yi musu liƙi, ya ɗaga hannu su dakata, ya yi cigiya da muryar nan tasa, a samu abin da ake nema, kiɗa ya ci gaba. Haka ya taso ya ga ana yi, kuma bai taɓa ganin inda hakan ya zama laifi ba. Ya tsaya jiran Illa, ya ga shiru. Ya dubi wannan duhu da wannan taro, ya ce a ransa wannan ɗan Nijar ɗin bai san kan neman mutum ba.

Ya kutsa har gaban dandamali, ya hau. Ya yi wa dije sallama, yaron bai ji ba. Ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya manna masa a goshi. Jama'a suka ɗauka wani salon wasa ne, ga mutum da shadda har ƙasa a kan dandamali, suka sa shewa. Yaya ya ga ai ya yi abin da ya kamata. Ya ɗaga hannu a dakata. Dije ya yi dariya ya ɗaga nasa hannun shi ma. Ya sake yi masa alama, yaron ya ci gaba da murɗe-murɗensa. Sai Yaya ya duƙa, ya bi wayoyin da ido, ya kama mai kaurin cikinsu ya fizge.

Ni ina can ƙarshen ɗakin ina kwashe kwalabe. Kiɗa ya ɗauke. Na tsaya cak ina neman siririn sautin nan. Babu shi. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba, har numfashin mutane ana ji. Sai wata murya ta ƙwalla kalmar 'yan sanda da Sinanci, wuri ya yamutse. Kowa ya yi matakala. Ni ban ko dubi can ba, taku kaɗan ne tsakanina da tagata. Na hau, na ce bismillahi, na saki jiki.

Buhunan ba sa nan. Masu tsince-tsince sun zo da kekensu cikin dare sun kwashe su tas. Siminti na tarar.

Ƙarar da ƙafata ta dama ta yi, na ji ta kafin in ji zafin. Na yunƙura in tashi na koma. Na ja jiki da gwiwar hannu zuwa katanga, ina cizon rigata kada in yi ihu su ji. Ina jin rugugin mutane suna fita ta gaba, babura na tashi. A cikin wannan hayaniya, daga tagar da na fito, sai na ji wata murya da na sani tun ban san kaina ba.

"Jama'a, salamu alaikum! Ku tsaya mana, cigiya nake! Nafi'u! Nafi'u na Hajiya Binta! In kana nan ka amsa!"

Na ɗauka mutuwa ce ta zo, ake jiyar da ni muryoyin gida. Ya sake kira. Na buɗe baki da kyar na ce, "Na'am." Sai na ƙara da ƙarfi, "Na'am, Yaya! Ina ƙasa!"

Suka zagayo shi da Illa a guje. Yaya ya durƙusa ya rungume kaina yana hamdala, yana shafa fuskata, yana cewa dubi yadda na rame. Bai ga ƙafar ba tukuna.

"Me ya kawo ka nan? Me ya sa kowa ke gudu?"

Na ce, "Yaya, wa ya kashe kiɗan?"

"Ni ne mana. Ta ina za ka ji ni a cikin wannan hauka?"

Illa ya ɗora hannu biyu a ka ya juya baya. Ni kuwa wani baƙin ciki ya taso mini. Watanni ina kwana a kwali, ina bin lungu, ina ƙirga kwanakin wasan mutane, saura ƙiris. Da wani ne ba shi ba, da na zage shi ta uwa ta uba. Amma ga shi nan a durƙushe, ya tsallako duniya saboda ni, shaddarsa ta jiƙe da shuɗin ruwan kwata. Sai na nuna masa ƙafar. Illa ya haska da wayarsa. Tafin ya juya yana kallon inda bai kamata ba.

Yaya ya daɗe yana kallo. Ya dubi tagar, ya dube ni. A hankali ya ce, "Daga can ka faɗo? Saboda ni?"



'Yan sandan da ba su zo ba a farko, yanzu suka zo da gaske, domin ɗaruruwan mutane sun watsu a titi lokaci guda, maƙwabta sun kira su. Muka hango fitilarsu tana wulgawa a bangon masana'antar. Illa ya ce mu ɗauke shi mu tsallaka katanga. Suka gwada ɗaga ni, na yi ƙarar da ta sa suka ajiye ni. Na ce wa Illa ya tafi, ya ƙi, sai da na haɗa shi da Allah. Na ce wa Yaya shi ma ya koma titi ya bi jama'a, takardunsa lafiya lau suke, ba ruwansa.

Ya gyara zama a kan simintin nan, ya ɗora kaina a cinyarsa.

"Ka ga na yi kama da mai tafiya?"

Haka suka same mu. Suka haske mu da tocila suna magana da ƙarfi. Yaya ya miƙa nasa fasfon, ya dafa ƙirjina, ya yi musu bayani da Hausa tiryan-tiryan kamar suna ji: ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, an cuce shi ne, ba ɓarawo ba ne. Suka juyo kaina suka nemi nawa. Na ba su amsar da garin ya koya mini: meyo.

An kai ni asibiti da ɗan sanda a bakin ƙofa, aka sa mini ƙarfe a dunduniya. Daga nan aka wuce da ni inda nake gudu tun farko. Ba zan ba da labarin wurin ba, ban da cewa ina ciki aka rufe wasannin, na ji masu gadi suna tafi a gaban talabijin. An kwashe kayan Laban gaba ɗaya a daren, ban sake ganin ta ba, amma sau biyu Illa ya kawo mini taliya asibiti ya ce ita ta aiko. Yaya ya ƙarar da kwanakin bizarsa yana zarya tsakanin ofisoshi, Illa na yi masa tafinta, har aka fara maganar takardar da za ta mai da ni gida. Da ba shi, da ban san ranar fitowata ba, wannan gaskiya ce. Da ba shi kuma, da wataƙila ban shiga ba. Na daɗe ina juya waɗannan biyun a raina ban ga wadda ta rinjayi wata ba.

Ya riga ni dawowa. Ni sai bayan watanni aka sako ni a jirgi, da sanda, ba wando ko ɗaya. Har yau ina ɗingishi, in sanyi ya shigo dunduniyar kan tashe ni da dare.

Yaya ya gaya wa Hajiya a wurin aiki na faɗo, kuma ba ƙarya ya yi ba. Da ta matsa mini in faɗa mata yadda ya gano ni a wannan uwar ƙasa, na ce mata cigiya ya yi a cikin taro, na ji muryarsa na amsa. Iya abin da ta sani ke nan, kuma ta riƙe shi gam. Duk baƙon da ya zo gidan sai ta ba shi labari, ta nuna Yaya da alfahari.

"Ka gan shi nan. Har China ya je, cikin dubban mutane, kira ɗaya ya yi Allah ya ba shi ƙaninsa. Allah ya yi maka albarka, Kabiru."

Baƙi su ce amin, ni ma in ce amin. Shi kuwa Yaya bai taɓa amsawa ba. Yakan dubi ƙafata, ya tashi ya ce bari ya je ya duba shago.